Cokalin Gishirin da Ya Rame

A layinsu ba mai kiranta da sunanta na gaskiya, har jikokinta ba su san shi ba. Gwaggo Ɗanɗana kowa ke ce mata, domin ba ka isa ka gifta ta ƙofar kicin ɗinta ba ta miƙo maka bakin ludayi ta ce, "Tsaya, ɗanɗana ka ji" ba. Mai kawo ruwa ya ɗanɗana, mai gyaran wuta ya ɗanɗana, har wanda ya zo yi mata rashin mutunci sai ya ɗanɗana kafin ya fara. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannunta na dama duk tabon ƙuna, kuma in za ta faɗa maka magana ba ta naɗe ta a tsumma.

Tana tsakiyar sakandare mahaifinta ya rasu, sai ta ajiye littafi ta kama aikin wanke-wanke a wani masauki da ke bayan tashar jiragen ruwa, inda ma'aikatan jirgi ke sauka idan jirginsu ya tsaya gyara. Dangi suka yi ca a kanta. Wai 'yar gidan mutunci da wanke kwanukan baƙin da ba a san asalinsu ba! Amma cikin masu wannan maganar babu ko ɗaya da ya taɓa aiko wa uwarta da gwangwanin shinkafa. Surutu dai suka iya, shi kuwa ba ya cin ko sisi.

Kicin ɗin masaukin dogon ɗaki ne mai teburan ƙarfe, da taga ɗaya da ba ta rufuwa, da famfon da ke ɗiga ba dare ba rana. A ƙarshensa wurin wanke-wanke yake, kuma daga nan ana hango kowane murhu. Kowane jirgi da kukunsa yake zuwa, domin mutanen jirgi ba sa yarda da girkin kowa sai na nasu. Kuku zai shigo da buhunansa da kwalabensa, ya yi wata ko fiye, jirgi ya tashi, wani ya maye gurbinsa. Ita kuwa hannunta na cikin kumfa, idonta na kan murhu.

Akwai wani gajere da ba ya soya komai. Kifi ne, kayan lambu ne, sai ya jera su a kwando a kan ruwan zafi, ya watsa citta da albasa mai lawashi, tururi ya yi masa aikin. Akwai wani dogo da ba ya fara girki sai ya gasa kayan ƙamshi a busasshen kasko har sun fara tsalle, ƙamshin ya kori kowa da atishawa. Sai wani tsoho mai wawulo da ke yawo da lemon tsami a aljihun riga, ba abin da zai sauke daga wuta bai matsa masa ba. Ba ta jin yarensu, ba sa jin nata. Nuni da yatsa ake yi, a miƙa cokali, a ɗaga gira. A nan ta samo wannan ɗabi'a ta miƙa wa mutane ludayi.

Tsohon nan shi ya fi daɗewa, har ya tsinci guntun yaren gari. Wata rana ya gan ta tana zuba wa abincinta gishiri kamar mai jin haushinsa, sai ya riƙe mata hannu. Ya ce a zamanin kakanninsa, kafin a san firij, ganga ake cikawa da nama da kifi a binne su da gishiri don kada su lalace a doguwar tafiyar teku. Ya ce mutanen da suka yi watanni suna cin wannan, in suka sauka ƙasa sai su ji abincin gidajensu salam, su zagi matansu a banza. Amma in aka bar su, sannu a hankali harshe ya dawo hayyacinsa, har su rasa yadda aka yi suka iya haɗiye na gangar. Ta yi dariya a lokacin, ta ƙwace hannunta, ta ƙara gishirinta.

Da jirage suka daina daɗewa a tasha, masaukin ya rufe. Ta auri wani direban bas na cikin gari, mutum mai fara'a da ƙaton ciki, wanda duniyarsa duka sitiyari ce da abincin rana. Ta shiga gidansu da zumuɗin nuna abin da ta koyo. Ranar farko da ta turara kifi da citta, surukarta ta leƙa kwanon ta ce, "Wannan wanka aka yi masa ko girki?" Yayar mijin, wadda kowa ke kira Yaya Babba, ta sa wa girkin suna abincin 'yan yawon duniya. A gidan nan in mai bai taso saman miya har kana ganin fuskarka ba, to rowa aka yi. Gishiri kuwa da dokarsa. Akwai cokalin katako na surukar, baƙi wuluk don tsufa, mai zurfin ciki, yana zaune a tulun gishiri. Kowace tukunya sai an cika shi fal sau biyu. Ɗanɗana ta ga ba riba, ta ninke iliminta ta ajiye, ta bi dokar cokali. Surukar ta rasu, cokalin bai rasu ba. Yara suka girma a kansa, babban ɗanta ya yi aure, matarsa ma ta zo ta tarar da dokar ta ɗora.

Sai ranar da likitar kamfanin bas ta ɗaura wa Direba abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta ce ya miƙo makulli.

Ba wasa a maganar likitar, kuma gaskiya ta faɗa. Jininsa ya hau hawan da ba za a ba shi ran mutum sittin ya yi yawo da su a titi ba. Ta rubuta masa magani, ta ce ya rage gishiri da mai da dunƙulen ɗanɗano, ya dawo bayan 'yan watanni. In jinin ya sauka, ga makullinsa. In bai sauka ba, ritaya. Kafin nan aka ajiye shi a gareji yana nuna wa wasu inda za su faka mota, mutumin da ya fi rabinsu sanin hanya tun suna rarrafe.

Ya dawo gida ya zauna a bakin gado bai ko cire takalmi ba. Ɗanɗana ta tsaya a ƙofa tana kallonsa, amma ba makulli take gani ba. Wansa take gani, wanda irin wannan ciwon ya kayar a bara, yanzu yana zaune a kujera, hannu ɗaya a cinya kamar ba nasa ba, ana share masa baki.

Washegari Yaya Babba ta iso da 'yar ƙaramar tukunya a cikin jaka. Ta ce daga yau wannan ce tukunyar mara lafiya. Ta tafasa ganye da ruwa, ba gishiri, ba albasa, ba komai, ta zuba a kan farar shinkafa, ta kai masa lungun falo ta ajiye a kan ƙaramin tebur. Sauran gida kuma suka baje a tabarma, ƙamshin suya na dukan hancinsa, jikoki na lashe yatsu.

Wannan abu yana ba da haushi, kuma gida-gida ake yin sa. Mutum ya kamu da ciwo, sai a ware shi kamar ya yi sata, a ba shi ruwan ganye a lungu, a zauna a gabansa ana cin daɗi, sa'an nan a ce wai taurin kai gare shi, ba ya jin maganar likita. Wa zai ji? Direba mutum ne da tun tasowarsa bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. Ko gyaɗa ya saya sai ya nemi wanda zai ɗiba. Ya kai loma biyu, ya ture kwanon, ya ce zai sha iska. Da ya dawo, iskar ta bar masa maiƙo a gashin baki.

"Baban yara, wannan iskar a wane kasko aka soya ta?"

"Ke dai ba kya rabo da neman magana."

"Goge bakinka tukuna, sai mu yi musun da kyau."

Ta san inda yake zuwa. A bakin ƙofar gareji akwai wata mai sayar da abinci da direbobi ke kira Uwar Gareji, wadda ya shekara da shekaru yana ci a rumfarta. Da can sau ɗaya yake zuwa a yini. Tunda aka kawo tukunyar mara lafiya ya koma safe da rana da yamma.

Ɗanɗana ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗauki 'yar tukunyar, ta sa ƙusa ta huda gindinta, ta cika ta da ƙasa, ta dasa na'a-na'a, ta ajiye a bakin taga. Ta ce daga yau tukunya ɗaya ce a gidan nan, abin da maigida zai ci shi kowa zai ci.

Sai dai ta yi gaggawa, kuma ta sha kunya. A ranar ta zare gishirin gaba ɗaya. Babban ɗanta ya kai loma, ya dube ta, ya tashi ya ɗauko tulun gishirin ya dire a tsakiyar tabarma. Jikoki suka sa kuka. Direba ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To, kukun jirgi, kin ga dai ba ni kaɗai ba ne. Mu abincin kakanninmu muka sani."

"Wane kakan? Tumatir ɗin nan da barkonon da kake wa kirari, a jirgi suka zo daga ƙetaren teku. Kakan kakanka bai taɓa ganin su ba."

"To ya yi asara. Miƙo gishirin."

Tana wanke kwanuka da yamma, hannunta cikin kumfa kamar da, sai tsohon nan mai wawulo ya faɗo mata a rai. Harshe na dawowa, in ji shi, amma sannu a hankali. Ta juya ta dubi tulun gishiri, ta dubi cokalin surukarta da ke tsaye a ciki. Matsalar ita ce ba ita kaɗai ke girki ba. Rabin kwanakin mako matar ɗanta ce a kicin, yarinya mai ladabi amma ba ta iya riƙe magana ba, duk abin da ta ji da safe mijinta ya ji kafin azahar. In ta ce mata ta rage, gida ya sani. Doka kuwa ta ce cokali biyu. To, doka ba ta faɗi girman cokali ba.

Ta ɗauki 'yar wuƙar feraye, ta kankare leɓen cokalin kaɗan, abin da bai fi kaurin farce ba. Ta goge wurin da dutse, ta shafa mai da toka har sabon katakon ya yi baƙi kamar sauran, ta mayar da shi tulu. Washegari matar ɗanta ta cika shi fal sau biyu, aka ci, ba wanda ya ji bambanci. Bayan kwanaki ta sake kankarewa.

Ba a nan ta tsaya ba, domin ta san in ka zare wa baki abu sai ka ba shi wani. Ta buɗe ilimin nan da ta ninke tun tana amarya. Ta gasa kayan ƙamshi a busasshen kasko irin na dogon kukun nan, har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Ta bar albasa a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja ta yi zaƙi da kanta, da ɗan mai cokali guda. Ta gasa tafarnuwa da ɓawonta ta matse ta cikin wake. Kifi ya koma kwando a kan tururi, amma wannan karon ta yi wayo, ta lulluɓe shi da jan barkono da tumatir don kada a ce wanka aka yi masa. Lemon tsami kuwa sai an sauke tukunya take matsawa, a ɓoye, ta jefa ɓawon can ƙasan kwandon shara. Ta daka busasshen kifi da citta da albasa ta cika gwangwanin da ake ajiye dunƙulen ɗanɗano, ta ce wa matar ɗanta sabon samfuri ne, na gari, ya fi ƙarfi.

"Mama, wallahi ya fi daɗi. A ina ake sayarwa?"

"Wurin da nisa. In ya ƙare ki faɗa mini."

Saura abincin rana, wanda shi ne babban rami. Ta fara haɗa masa a 'yar kula, ta lura tana dawowa a wanke tas, wankin da Direba bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Kyauta yake bayarwa ya tafi rumfa. Ba ta yi faɗa ba. Ta sayo babbar kula, irin wadda sai an rungume ta, ta cika ta, ta sa cokula da yawa.

"Wannan fa? Gayya zan yi?"

"Abokan aikinka. Kullum kai ke cin nasu, ba ka jin kunya?"

Nan ta kama shi, domin Direba zai iya jure komai ban da a ce masa marowaci. Ya rungumi kula ya tafi. Direbobi kuwa ba a kiransu cin abincin kyauta sau biyu. Kafin wani lokaci an san inuwar da ake buɗe kular Gwaggo, kuma shi ne mai rabo, yana tsakiya, yana ba da labarin hanya. Magani ma a kan murfin kular take ɗaure masa shi, abokan su tsaya a kansa sai ya haɗiye kafin a buɗe.

Watanni suka tafi. Cokali na ramewa, bel ɗin Direba na matsawa rami. Ya daina kwanciya da ciwon kai, ya daina huci in ya hau bene. Ba wanda ya lura da cokalin, domin abin da kake gani kullum ba ka ganin sa.

Sai wanda ba ya ganin sa kullum. Ana saura 'yan kwanaki a koma wurin likita, Yaya Babba ta kawo ziyara. Tun ranar da ta ga tukunyarta da na'a-na'a a ciki ta yi fushi ta ɗauke ƙafa. Ta shiga kicin neman ruwa, idonta ya faɗa kan tulu, ta zaro cokalin. Abin da ta sani mai zurfin ciki ya koma kamar harshen kyanwa.

Ta fito tsakar gida tana ɗaga shi sama. "Jama'a ku zo ku gani! Cokalin uwarmu! Abin da ta bari a duniya kenan, an feƙe shi kamar fensir!"

Direba ya fito ya karɓa, ya juya shi, ya sa babban yatsa a cikinsa, yatsan ya cika shi. Ya dubi matarsa.

"Ke kika yi?"

"Ni na yi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ce in miƙo gishiri."

Da ihu ya yi da ya fi mata sauƙi. A hankali ya ce, "Wato duk gidan nan, da abokaina, kin mai da mu yara. Ina ta yabon girki ashe dariya ake mini."

"Ba wanda ya yi maka dariya. Ni dai ba zan share maka baki a kujera ba alhali ina da wuƙa da hankali."

Yaya Babba ta ce, "Ka ji ko? Har baki take maka!"

Ya ajiye cokalin a kan turmi, ya zura takalmi. Ya ce yau zai ci abinci irin na mutane, na gaske, wanda ba a yi masa ha'inci ba, kuma daga yau kada a sake haɗa masa kula. Ya fita. Yaya Babba ta bi bayansa da jakarta.

Ɗanɗana ta zauna a kan kujerar tsugunno ta rasa abin da ke mata daɗi. Ta san halinsa. In ya yi zuciya zai koma rumfa safe da rana da yamma, ya watsar da maganin ma don ya huce a kanta, duk aikin watanni ya bi ruwa ana dab da awo. Ta ɗauki cokalin tana juyawa. Ita kanta sai yanzu ta ga irin ramar da ya yi.

Rana ta karkata kaɗan sai aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Wata doguwar mata ce, zani ɗaure a ƙugu, hannunta riƙe da faranti cike da shinkafa da miya. Uwar Gareji ce da kanta.

"Ke ce matar Direba?"

"Ni ce. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Me kika yi wa mutanena? Mijinki ya zo yana cika yana batsewa, wai in zuba masa har da ƙari. Na zuba. Ya kai loma ɗaya, sai ya tsaya kamar an taka masa birki. Ya ce wai hannuna ya zarce yau. Ni! Tun yana da gashi a ka nake ciyar da shi, hannuna bai taɓa zarcewa ba!"

"Sai aka yi yaya?"

"Ya daure ya ƙara ta biyu don kada a yi masa dariya, ya shanye mini ruwan randa. Ya kira wani ƙaton abokinsa ya ce ya taɓa ya ji. Shi ma ya yamutsa fuska, wai kamar ya lashi teku. A gaban kwastomomina! Dama tun watannin nan 'yan kularki in sun zo sai ƙorafi, wannan ya ce gishiri, wancan ya ce mai. Ga farantin nan, ki ci ki faɗa mini abin da ke damun sa, in kuma asiri kika yi musu ki karya."

Ɗanɗana ta karɓi farantin. Ta taɓa miyar da ɗan yatsa ta kai baki.

"Ba abin da ya sami girkinki, 'yar'uwa. Yadda yake jiya haka yake yau. Bakinsu ne ya warke." Ta shiga kicin ta fito da ludayi. "Tsaya, ɗanɗana ki ji."

Uwar Gareji ta karɓa tana harara. Ta kurɓa. Ta lashi leɓe. Ta sake kurɓa.

"Gishirin fa?"

"Yana ciki. Ɗan kaɗan."

"To me ke yin wannan abin a bayan harshe?"

"Zauna mana. Tsaye ake tambaya?"

Suna zaune a kan tabarma, kasko a tsakaninsu, Direba ya shigo yana sanɗa kamar wanda ya fasa kwalba. Ya ga Uwar Gareji, ya ga farantinsa da ya gudu ya bari, ya sosa ƙeya.

"Maman yara, akwai sauran wani abu a tukunya?"

"Na ha'incin ko na gasken?"

"Ke dai zubo."

"A lungu za ka ci ko da mutane?"

Uwar Gareji ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Ya zauna a tsakaninsu ya cinye, ya ƙara, ya miƙa hannu da kansa ya ɗauki maganinsa a kan taga kusa da tukunyar na'a-na'a.

Ranar awo ta raka shi. Ta zauna a benci a barandar asibitin kamfanin, ta ƙura wa ƙofa ido, hannunta cikin jaka yana murza cokalin da ta ɗauko ba ta san dalili ba. Aka daɗe. Da ƙofar ta buɗe, ba fuskarsa ta fara dubawa ba, hannunsa ta duba. Makulli na lilo a ɗan yatsansa, yana kaɗa shi kamar ƙararrawa.

Likitar ta leƙo ta bayansa ta ce, "Ke ce mai girkin? To kada a fasa, kuma kada ya bar magani. Ciwon nan ba ya tafiya, kwanciya yake yi."

"Likita, ko ya so ya fasa, bakinsa ba zai bar shi ba."

Har yau Yaya Babba ba ta yafe maganar cokalin uwarsu ba, duk wanda ya zauna da ita sai ya ji. Amma an ga ranar da ta shigo ta ƙofar baya, ta zaro cokalin gishirin gidan wansu mai shanyewar jiki daga jaka, ta ajiye a kan turmi, ta ce ita ba ta ce a yi komai ba, mantawa ta yi da shi. Uwar Gareji kuwa cokalinta na ƙarfe ne, ba ya kankaruwa, sai da ta je kasuwa ta sayo na katako.

Bas ɗin Direba ba ta layinsu take bi ba, ta bakin titi take wucewa. Amma kullum da hantsi in ya iso daidai kan kwanar sai ya danna hon mai tsawo, fasinjoji su yi ta waige suna neman abin da ya tare hanya. Ba abin da ya tare hanya. Gwaggo Ɗanɗana ce tsaye a bakin titi rungume da babbar kula, tana daka masa tsawa ya tsaya da kyau kada ya zubar mata da miya.